Amanar Kunne a Zamanin Masu Sharhi



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, da ke ƴar'uwa, kun saba a wannan zaure muna magana kan tsarki da salla da zakka da haƙƙin iyaye. Yau zan ja hankalinku zuwa wani babi da mutane da yawa ba su lissafa shi cikin wajibai, alhali a kansa ake yanke zumunci, a kansa wasu ke kwana a komisariya, a kansa kuma wasu ke makara sallar Asuba. Babin shi ne sharhi, wato maganar da muke saurare, muke yi, muke kuma turawa game da mulki da siyasa da al'ada da abin da ke gudana a ƙasa. Tun ranar Laraba 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ban ga sana'ar da ta bunƙasa a Nijar kamar sana'ar sharhi ba. Tambayoyin da ake kawo wa limamai ma sun sauya. Da can ƙabli da ba'adi ne, ko rabon gado. Yanzu da yawa daga masu tambaya waya ce a hannunsu, abin da suke son sani kuma shi ne ko maganar wane gaskiya ce.

Kada ka ɗauka mai wannan rubutu yana kewar zamanin shiru. Na yi wayo a mulkin Janar Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasar nan daga 1974 zuwa 1987, na kuma ga yadda iyayenmu, in za su ambaci gwamnati, sai sun waiwaya sun sassauta murya, ko da a cikin zaurensu ne. Labarin ƙasa daga Muryar Sahel yake fitowa. Mai son ƙari ya murɗa akwatinsa zuwa Kaduna ko Landan ko Jamus. Talaka yakan ji abin da aka yanke a kansa bayan an gama yankewa. Sai Babban Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe bakuna, jaridu da gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani suka biyo baya, daga baya waya ta zo ta sa wa kowa lasifika a aljihu. Wanda ya ɗanɗani wancan zamani ya san cewa ikon buɗe baki ni'ima ce, kuma kowace ni'ima akwai tambaya a kanta ranar gobe.

A faɗi alherin masu sharhi kafin a faɗi aibinsu, domin adalci ke nan. Abubuwa da dama da suke kulle cikin Faransanci a ofisoshin Yamai, su ne suka warware su cikin harshen da tsohuwa mai tuya za ta fahimta. A yau ɗan kabu-kabu ya san tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya san matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ya san an shimfiɗa bututun mai daga Agadem har bakin teku a ƙasar Benin, kuma yana tambayar ina rabonsa. Tambaya ce mai kyau, ta kuwa daɗe ba a yi ta da ƙarfi ba. A damanar 2024, lokacin da ruwa ya ci gidaje a Maraɗi, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram kuma ya rushe a farkon Satumba, ta bakin irin waɗannan mutane ne ƴan'uwanmu da ke Libiya da Abijan da Kwatano suka ji halin da ake ciki, suka aiko da abin da ya sawwaƙa. Wannan aiki ne na lada, in niyya ta gyaru.

Sai dai akwai watannin da nake so mu koma mu duba tare, domin a cikinsu na ga abin da harshe yake iya yi. Ranar 30 ga Yulin 2023 shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka ba da wa'adin mako guda. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar mana, aka rufe iyaka, ranar 10 ga Agusta kuma aka ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024, iyakar kuma ba ta buɗe ba sai a watan Maris. Ka tuna irin zaman da aka yi: kuran ya tafi ya bar unguwanni cikin duhu, magani ya yi wuya a farmasi, buhun shinkafa ya tashi, manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka kayan cikinsu suna lalacewa, uwaye suna kwana da fargabar yaƙi.

Fushi a irin wannan hali ba abin mamaki ba ne, ni ma abin ya yi mini zafi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne inda aka karkatar da fushin. Masu sharhi na wannan gefe suka daina cewa gwamnatin Abuja, suka koma cewa ƴan Najeriya. Na wancan gefe suka daina cewa sojojin Yamai, suka koma cewa ƴan Nijar. Kalma guda aka sauya, sai abin da shugabanni ƙalilan suka yanke ya hau kan miliyoyin talakawa. To, su wane ne ƴan Najeriya a wurin mutumin Maraɗi? Daga nan zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Garin nan kansa gidan sarautar Katsina ne ya kafa shi bayan jihadi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi, kamar yadda Tsibiri ke riƙe da sarautar Gobir. Mutumin Ƙonni da na Illela kasuwa ɗaya suke ci. Jihohi bakwai na Najeriya ne suka jingina da mu, tun daga Kebbi har Barno. Wanda ya zagi ƴan Najeriya a jimlace ya duba da kyau, akwai surukinsa a ciki.

A cikin waɗannan makonni aka kira ni sulhu a wani gida da ba zan ambata ba. Wani matashi ya samu saƙon murya na wani mai sharhi, kusan minti goma na zagi da tsinuwa ga mutanen ƙetaren iyaka, ya tura shi zauren danginsu na WhatsApp. A zauren akwai mijin yayarsa, Bakatsine, wanda ya yi shekara goma sha biyu yana riƙe da ita cikin mutunci, wanda kuma a wannan makon ma ya yi ta neman hanyar aiko wa surukarsa maganin hawan jini ta hannun masu babur da ke bi ta daji. Mutumin ya ji, ya mayar da amsa mai zafi, aka shiga tone-tone: wa ya ci bashin wa, wa ke ci da wa, kakan wa ya zo ci-rani. Kafin mako ya zagayo magana ta kai ga ambaton saki. Mace tana can da ƴaƴa huɗu tana kuka, iyaka a rufe, ba ta iya zuwa, ba a iya zuwa gare ta. Wata biyu muka yi muna bin waya, ni da wani limami na can, kafin Allah Ya sanyaya zukata. Na tambayi yaron: "Ɗana, wanda ya yi wannan magana, ka san shi?" Ya ce: "A'a, Malam, ko sunansa na gaskiya ban sani ba." Mutumin da bai sani ba ya kusa kashe auren yayarsa, shi kuwa mai maganar har yau bai san an yi ba.

Ga kuma abin da masu zafin baki ba su ba shi ko minti ɗaya ba. A farkon Agustan nan majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan ɗaukar matakin soja, sanatocin Arewa suka fito fili suka nuna adawarsu. Ranar 9 ga watan Muhammadu Sanusi na biyu, wanda a lokacin ba ya kan karagar Kano, ya zo Yamai tare da Sarkin Damagaram ya gana da Janar Abdourahamane Tiani. Bayan kwana kaɗan ayarin malamai ƙarƙashin Shaikh Abdullahi Bala Lau ya iso domin neman maslaha, a Kano kuma talakawa suka fito zanga-zangar ƙin yaƙi. Duk wannan a bainar jama'a ya faru. Amma labarin sulhu da ƙafa yake tafiya, labarin yaƙi kuwa a kan babur. Daga nan ka riƙe ƙa'ida guda: mai sharhi yana iya yaudararka ba tare da ya faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Ya isa ya ɗauko gaskiyar da ta dace da fushinsa ya kaɗa maka ita, ya binne wadda za ta sanyaya ka.

Ƙarya tsagwaronta ma ta yi yawo. Wata rana da yamma aka yaɗa bidiyon motocin yaƙi a jere, da murya a kai tana rantsuwa cewa ga su nan sun iso Jibiya, gobe sai Maraɗi. Wata bazawara a unguwarmu, mai marayu uku, ta ja awakinta biyu da sassafe ta sayar da su rabin kuɗinsu domin ta samu na mota zuwa ƙauye. Gari ya waye, rana ta faɗi, babu abin da ya zo. Daga baya wani malamin makaranta ya nuna mana cewa itatuwan da ke bidiyon da rubutun jikin allunan hanya ba na ƙasashenmu ba ne gaba ɗaya. Wanda ya sayi awakin bai mayar ba, domin ciniki ya riga ya faɗa. Ka tambayi kanka, ya kai mai karatu, a kan wa haƙƙin wannan mata yake? A kan wanda ya ɗora muryar, babu shakka. Amma saƙon bai zo wayarta da ƙafarsa ba. Hannuwa da yawa ne suka miƙa shi, kowane mai hannu yana cewa shi dai turawa kawai ya yi.

A zauren malaminmu, Allah Ya jiƙansa, littafin fiƙihu na farko da aka ɗora mana shi ne Ahlari. Duk wanda ya karanta shi ya san cewa kafin marubucin ya shiga babin tsarki, sai da ya gabatar da maganar tsare harshe da haramcin ƙarya da giba da annamimanci. Ɗalibai sukan yi saurin wuce wannan shafi domin su kai ga farillan alwala, alhali akwai hikima a wannan jeri: wanda bai iya riƙe bakinsa ba, yana tara lada da hannu ɗaya yana rabar da shi da ɗayan. Da muka kai ga ilimin balaga kuma, abin farko da aka koya mana shi ne rarrabe magana, a san wadda ake iya cewa gaskiya ce ko ƙarya ce, da wadda ba a auna ta da wannan ma'auni, kamar umarni da fata da tambaya. Ban taɓa ganin amfanin wannan darasi kamar a shekarun nan ba, domin da shi ake warware sharhi zare-zare.

Kowane sharhi da kake ji hawa uku gare shi. Bari in ba ka misali da abin da kowa ya sani. In mutum ya ce Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga CEDEAO ranar 28 ga Janairun 2024, wannan labari ne, ana iya bincika shi, kuma haka ne. In ya ce ficewar alheri ce, ko ya ce za ta cutar da mu, wannan ra'ayi ne. Mutum biyu masu hankali da tsoron Allah suna iya saɓawa a kansa: ɗaya yana kallon mutuncin ƙasa da azabar takunkumin da aka sha, ɗayan yana kallon ɗan kasuwarmu da ke Kano da ɗan ci-raninmu da ke Akara da abin da zai samu takardunsu. In kuwa ya ce duk wanda bai goyi bayan ficewa ba ɗan koren Faransa ne, ko ya ce duk wanda ya goyi baya ɗan amshin shatan soja ne, wannan hukunci ne a kan zuciyar bawa, wadda babu mai leƙa ta sai Mahaliccinta. Gwanin sharhi yana haɗa hawa ukun nan cikin numfashi ɗaya. Ka gaskata na farko domin gaskiya ne, ka lamunci na biyu domin ya yi daidai da son ranka, sai na uku ya bi bayansu ya shige ba sallama. Washegari ka ga maƙwabcinka na shekara ashirin, ka ji gaisuwarsa ta yi maka nauyi.

Ko hawan farko ma, wato labari, yana da ƙa'idarsa. Malaman hadisi irin su Imamul Buhari ba su karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa, sun kuma san halin kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. Alƙali a zaman shari'a yana bambanta wanda ya ce na gani da wanda ya ce na ji. Saurari mai sharhinka da wannan kunne, ka lissafa sau nawa yake cewa "majiya mai tushe", ko "wani babba ya tsegunta mini", ko "ana cewa". Duk waɗannan, a ma'aunin malamanmu, ruwaya ce daga wanda ba a sani ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat umarni ce da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi, kuma dalilin da ta ba da shi ne gudun cutar da wasu mutane cikin jahilci sannan a dawo ana nadama. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i kuma zargi ce ga masu gaggawar watsa labarin aminci ko na tsoro kafin a mayar da shi ga waɗanda suka iya tantancewa. Ka koma ka karanta tafsirinsu a natse, za ka ji kamar jiya aka saukar da su.

Magabatanmu a wannan ƙasa sun yi jayayyar siyasa mai zafi, sun kuma bar mana misalin yadda ake yin ta. Bayan jihadin da aka fara a 1804, Shehu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno ya rubuta wasiƙu yana tuhumar hujjar yaƙar ƙasarsa, Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu yana mayar da martani. Rikici ne na mulki da addini, da jini a cikinsa. Amma da Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, sai ya shigar da maganar abokin hamayyarsa cikin littafin, da hujjojinta, sannan ya amsa. Saboda haka ne bayan fiye da shekara 200 ɗalibi yake iya karanta ɓangarorin biyu ya auna da kansa. Da wannan nake gwada masu sharhin yau. Shin wane yana iya kawo hujjar wanda yake suka, ya faɗe ta yadda mai ita zai ce lalle haka nake nufi? Ya taɓa ganin laifin ɓangarensa? Ya taɓa dawowa ya ce labarin da na ba ku jiya bai inganta ba? Wanda ka shekara kana saurare bai taɓa yin ko ɗaya ba, maroƙi ne, ko da ba ya riƙe da kalangu.

Haka abin yake a fagen al'ada. A watan Maris na 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ya kuma lissafa harsuna goma sha ɗaya da ake magana da su a Nijar. Ni Bahaushe ne, da Hausa nake fassara huɗuba, kuma na yi murna da duk abin da zai sa tsohuwa ta fahimci takardar asibiti ba tare da tafinta ba. Amma na ji sharhin da ya sa na sunkuyar da kai: masu cewa yanzu an san masu ƙasa, masu yi wa Zabarmawa gwalo, da masu ramawa daga can da abin da ya fi muni. Sahun masallacinmu akwai Bazabarme ma'aikaci, akwai Bafillace mai shanu, akwai Buzu mai gadi, akwai Babarbare mai sayar da kanwa. Hausa ta yaɗu ne ta kasuwa da auratayya da makarantar allo da sauƙin hali. Mutane suka ɗauke ta domin ba a tilasta musu ba. Ranar da muka mayar da ita sandar dukan wasu, mun rage mata abin da ya sa aka so ta. Muhawarar da ta cancanci lokacinmu ita ce ta littattafan karatu da horar da malamai da fassara dokoki, sai dai wannan ba ta tara masu kallo.

Maganar masu kallo kuwa ita ce ta kai mu ga tambayar da ba a cika yi ba: me mai sharhi yake ci? Akwai masu yi domin kishin ƙasa, na san wasu, Allah Ya saka musu. Akwai wanda yawan masu saurare ne jarinsa, ya kuwa gane cewa fushi ya fi natsuwa kasuwa, don haka kullum sai ya nemo maka abin da zai hana ka barci. Akwai wanda wani ne ke saya masa kati da waya, na gida ko na waje, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai kuma wanda yake zaune a wata ƙasa mai nisa, inda wuta ba ta ɗaukewa, yana kiran matasa su fito, ɗansa ba ya cikin masu fitowa. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Ban ce ka zargi kowa ba, domin mummunan zato ma haramun ne. Na ce dai ka san cewa wanda ke magana da kai kullum kyauta, akwai abin da yake karɓa, kuma sau da yawa natsuwarka ce.

Wasu daga cikinku sun rubuto suna cewa me ya sa Malam ba ya fitowa a kan mumbari ya faɗi wa ke da gaskiya, har wani ya kira abin tsoro. Ga amsata. A bayana ranar Juma'a akwai tsofaffin ƴan PNDS da na MNSD da na Lumana, akwai mahaifin sojan da ke fagen daga a Tillaberi ko Diffa, akwai wanda ɗan'uwansa ke tsare, akwai wanda takunkumi ya karya masa jari. Dukkansu kafaɗa da kafaɗa suke tsayuwa, kuma wannan sahu amana ce a wuyana. Na kuma san nauyin kalmar da ake faɗa ranar Juma'a. Ranar 16 ga Janairun 2015, bayan an sauko daga salla a Damagaram, fushin da aka yi saboda zanen ɓatanci da wata jaridar Faransa ta buga ya rikiɗe ya zama tarzoma, washegari ta kai Yamai. Aƙalla mutum goma suka mutu, aka ƙone majami'u da dama. Kishin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajibi ne a zuciyar kowane musulmi. Amma waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada da gidaje maƙwabtanmu ne, ƴan ƙasa, da ba su zana komai ba. Magana zarar bunu ce, kuma wanda ya zare ta a gaban dubban mutane ba shi da ikon cewa ga inda za ta tsaya.

Wannan ba ya nufin a rufe baki a kan zalunci. Nasiha ga shugabanni tana cikin addini, kuma limamin da ya ga ana tauye mudu, ko ana karɓar na goro a shingen hanya, ko ana karkatar da tallafin waɗanda ambaliya ta shafa, ya yi shiru, zai amsa tambaya. Ina faɗin waɗannan, zan kuma ci gaba, ko wane ne ke kan mulki, farar hula ko mai kaki. Bambancin nasiha da tonon silili a bayyane yake. Mai nasiha yana ambaton aikin da ya tabbatar, yana faɗin gyaran da yake so, yana kuma murna in an gyara. Ɗayan kuwa, in aka gyara, ransa ɓaci yake yi, domin an ɗauke masa abin magana.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ka. In saƙo ya zo maka ya sa ƙirjinka ya yi zafi, ka bar shi ya kwana. Labarin gaskiya ba ya ruɓewa kafin safe. Kafin ka tura, ka tambayi kanka wa ya faɗa, ina ya gani, kuma wa ke cikin zauren da za ka tura wanda maganar za ta soka. Kada rubutun "na tura yadda na samu" ya ruɗe ka, domin ba ya wanke kowa, a lahira ko a duniya. Ka sani dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta dawo da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ke iya ta da hankalin jama'a, kuma ranar da aka zo neman mutum, ƴaƴansa ne ke kwana da yunwa, mai sharhin yana can yana shirya na gobe. Ka ware zauren dangi daga siyasa, a bar shi ga suna da biki da ta'aziyya da neman taimako. Ka riƙa sauraron mutum guda mai hankali daga ɓangaren da ba naka ba, ko don ka san cewa su ma suna da abin da suke tsoro. Ku kuma iyaye mata, ku lura da abin da yara ke ji a fada har tsakar dare, domin da shi suke gina ra'ayinsu a kan ƙabilu da ƙasashe da ba su taɓa gani ba.

Kai kuwa ɗana mai sharhi, in wannan rubutu ya iso gare ka, ba gaba nake yi da kai ba. Allah Ya ba ka baki da masu saurare fiye da abin da limamai goma ke tarawa ranar Juma'a. Ka rarrabe mana abin da ka gani da abin da ka ji da abin da kake zato. Ka kira gwamnati da sunanta, ka bar al'umma. In ka yi kuskure ka dawo ka gyara da irin muryar da ka yaɗa shi. Za ka rasa wasu masu kallo, amma waɗanda suka rage za su iya gina shawara a kan maganarka, kuma ƙasar nan, a halin da take ciki na rashin tsaro da tsadar rayuwa, tana matuƙar bukatar mutanen da in sun ce abu ya faru, to ya faru.

Allah Ya tsare harsunanmu da kunnuwanmu da yatsunmu, Ya zaunar da Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ya shiryi shugabanninmu zuwa ga adalci, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ne Mafi sani.